Lambobin Eusebia

A gaɓar Paita, kullum da asuba,
Eusebia Querevalú kan zura ma'auni cikin teku,
ta rubuta ɗumin ruwa a littafi mai jiƙaƙƙen bango.
Shekara goma sha bakwai ke nan.
Littattafan na kwance a kabad,
mabuɗi na aljihun shugaban ofis.

Can Manta, a ƙetaren iyaka,
Nicanor na da nasa kabad ɗin,
da nasa shirun.

Amma teku bai san fasfo ba.
Bara ruwan ɗumi ya gangaro babu sallama,
kifi ya nutsa ƙasa,
kwale-kwale arba'in suka dawo, koma babu komai.
Ashe Nicanor ya ga alamar
tun mako uku kafin nan.

Bana aka buɗe kabad biyun,
aka ɗauki hoton shafuka, aka zuba rumbu ɗaya.
Ta zauna gaban na'ura, tabarau a karan hanci,
tana bin layinsa da yatsa.
Inda nata ya yi giɓi,
makon da ta binne mijinta,
nasa na nan, cike.

Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.
Ta dai san bakwai ɗinsa
kamar ƙugiya yake rubuta shi.