Rabin Gwangwani

Rabin gwangwanin ots ya rage a kan kanta
tun watan da Baba Ladan ya daina haɗiya.
Likita ne ya ce a dama masa, ban da sukari.
Shi kuwa in ya kurɓa sai ya yamutsa fuska:
"Wagga aba dussa ta, Tumba. Mi niy yi muku?"
Ya tafi ranar Laraba.
Gwangwanin bai tafi ba.

Wata biyar ina ɗaga shi,
in goge ƙarƙashinsa, in mayar.
Yau na sauke shi.

Akwai curin mazarƙwaila da Sambo ya kawo daga Kware.
Na fasa ta da gindin taɓarya,
na zuba a kasko da ɗan ruwa,
ta narke, ta yi duhu, tana yauƙi a bakin ludayi.
Irinta ce muka tsinta cikin aljihun rigarsa,
ƙulle a leda, da shaidar haƙori,
ranar da muke rabon kaya.
Ashe duk faɗan da nake yi, satar hanya yake mini.

Na jiƙa ots da ruwan zafi har ya kumbura,
na sa man shanu cokali biyu, gishiri a yatsa uku,
yis, da fulawa gwangwanin madara shida,
ko bakwai ne, na manta lissafi.
Sai murza.
Ƙullun ya kama hannuna kamar mai bin bashi,
na danna, na naɗe, na juya, na danna,
gumi yana bin gwiwar hannu,
har ya haƙura ya sake ni,
ya yi laushi kamar kunnen jariri.

Wadda ta koya mini ta ce a ba shi awa guda ya tashi.
Ba ta san Mabera a watan Afrilu ba.
Na rufe shi da tsohon ɗankwali, na yi alwala,
kafin in shafa addu'ar azahar
ya ɗaga ɗankwalin yana leƙen tsakar gida.

Wuta kam tun jiya suka ɗauke abarsu.
Na zuba yashi a babbar tukunya,
na jera duwatsu uku, na ɗora faranti,
gawayi a ƙasa, garwashi a kan murfi,
na zauna da mafici ina gadi.

Ƙamshi ba ya neman izini.
Ya haura katanga, ya tarar da Hajo tana wanki.
"Ke Tumba, mi kika gasawa haka?"
Na ce, gwaji ne.
Ta ce, gwajin nan a ajiye mata gefe.

Da na buɗe, ga shi ya tsage a baya,
launinsa na fatar jar akuya da ta sha jima.
Ƙasan ya ƙone kaɗan, ban ɓoye ba.
Na ƙwanƙwasa, ya amsa kamar ƙwaryar da aka kife.

An ce a bari ya huce.
Wa zai iya?
Wuƙa ta shiga, tururi ya fito.
Na Sambo, na Ige, na ɗan autana, nawa,
sai na ga hannuna ya yanka na biyar,
mai kauri, daga tsakiya, inda ya fi taushi,
yadda mara haƙoran gaba yake so.

Na daɗe ina kallonsa a faranti.

Baba, ga abin da ka ƙi
da abin da muka hana ka,
sun kwana tukunya ɗaya, sun shirya.
Da ka ɗanɗana, da ka ce dussa ta yi albarka.

Na miƙa wa Hajo ta kan katanga,
na ce ta sa shi a addu'a.
Gwangwanin na wanke, na shanya.
Gobe allurai da maɓallai za su koma ciki.