Hannun Marisela

A Veracruz, bakin teku,
inda jirgin wasa ke hawa sama ya zubo da ihu,
murya ba ta cin kasuwa.

Marisela na bin kujeru
tana jijjiga kowane ƙarfe.
Efraín na ɗakin gilashi, yatsa kan maɓalli,
ido kan hannunta.

Babban yatsa sama: a tafi.
Har ta soma ɗagawa
sai ta hango, layi na bakwai,
yaro ya zare kafaɗa daga ɗamara
yana laluben takalminsa.

Ta gicciye hannuwa bisa kai.
Efraín ya janye.

Jama'a na tsaki.
Ta ɗaure yaron tamau,
takalmin a aljihunta,
sannan ta ɗaga yatsan,
yana ɗan rawa.