Bango Biyu

Tashar bas a Aberdeen, biyar na asuba,
yatsuna sun daina jin maganata.
Na murɗe murfin fulas,
shayin daren jiya ya huro mini citta da kanumfari.

Morag ta ƙwanƙwasa shi da farce.
Bango biyu ne, in ji ta,
tsakaninsu ba komai, ko iska an zuƙe.
Babun nan ke gadin zafin.

Randar kakata Hansatu a Gumel
sai ta yi gumi ruwa ke sanyi,
kowa ya gifta ya ga damshin gindinta.
Wannan kuwa ba ya tsattsafa.
Taɓa shi ka ji, ƙarfe ne sanyi ƙalau.

Na kurɓa sau biyu, na rufe da sauri.
Saura awa tara a tashi aiki.