Faci a Kasuwar Roxy

Ruwan Janairu ya sauko wa Jakarta tun azahar,
rufin shagona yana yoyo wuri biyu.
Na tara roba a nan, kofin shayi a can,
na koma kan tebur inda wayoyi biyu ke kwance a buɗe
kamar kifin da aka farke wa ciki.

Ta hagu mai tambarin tuffa ce, ta Bu Larasati,
lauya, ofishinta a hawa na sha tara.
Ta dama ta Tukiman ce, mai babur ɗin haya,
gilashinta a tsage tun azumin bara,
koren butum-butumi ke gaishe shi kowace safiya.

'Yata Wulan ta shigo da takarda daga jami'a.
Ta ce, Baba, an ƙirga:
wannan gida ɓaraka kaza aka gano masa bana,
wancan ya ninka shi har da ɗori.
Na ce, Wulan, ƙirga hujin rufi ba wuya.
Tambayi ruwa kwana nawa ya yi yana shiga.

Gidan tuffa doguwar katanga ne,
ƙofa ɗaya, makulli a wuyan maigida.
In ya ɗinke ɓaraka da dare,
kafin asuba faci ya isa ɗakin kowa.
Amma ba ya son a leƙa bayan ɗinkinsa,
layi biyu zai rubuta, ya ja bakinsa ya tsuke.
Saƙon da ya shigo wa Bu Larasati
ba ta taɓa shi ba, ba ta buɗe shi ba,
shi ya buɗe ta.
Wata uku wani yana zaune a jakarta
yana sauraron shari'ar gonakin mutane.
Da facin ya iso kuwa,
sau tara tana danna masa sai an jima.

Ɗaya gidan kasuwa ne, ba ya da ƙyaure.
Zarensa a fili, ido dubu kan ɗinki,
da wuri ake ganin yaga, da wuri ake yanka ƙyalle.
Sai dai facin a ƙasa yake tafiya:
daga masaƙa zuwa maƙerin waya,
daga maƙeri zuwa kamfanin layi,
kowa ya ajiye shi gefe ya gama shan kofi.
Mai tsada ta samu cikin mako.
Ta Tukiman rabonta da shi shekara biyu,
maƙerinta ya manta ya taɓa haihuwarta.

Ƙadangare ba ya tambayar sunan mai bango.
Tsaga yake nema.

La'asar sakaliya Tukiman ya shigo yana ɗiga,
hular kwano a hammata.
Rupiya dubu ɗari huɗu suka fita daga asusunsa daren Talata,
kuɗin littattafan ɗansa,
shi yana barci, wayar tana caji kusa da kunnensa.
Ya ce, Pak Sarwono, wacce ta fi?
Faɗa mini gaskiya, wacce zan saya?

Na dubi ta hagu, na dubi ta dama.
Na ce, kar ka tambayi girman allo.
Tambayi shekara nawa za su tuna da kai.
Ya yi dariya, haƙorinsa ɗaya babu,
ya ce, aljihuna ya riga ya zaɓa mini wadda za ta manta.

Na goge masa ita tas, na sa sabon gilashi ban karɓi komai ba,
duk da na san ba ta gilashi ɓarawon ya bi ba.

Wulan ta naɗe takardarta ta toshe ƙasan ƙofa.
Kofin shayi ya cika, na zubar, na mayar.
Mai ginin nan ya ce facin rufi yana hanya.
Tun damina waccan yake hanya.