Kakana Ya Ga Rufin Gidansa

Shekara arba'in Eleuterio yana saran balsa
a bakin kogin Quevedo,
bai taɓa tambayar inda katakon ke zuwa ba.
Mota ta zo, a loda, a nufi Guayaquil,
shi ya dawo gida da shinkafa da ɗanyar ayaba.
Yanzu gwiwoyi sun ƙi shi.
Matakala tara ce daga barandarsa zuwa ƙasa,
damina biyu ke nan bai taka ta ƙarshe ba.

Ni ce Yadira, jikarsa,
mai shara a injin tsaga katako.
Abin da zarto ya tofar nake tsinta,
in cusa a buhu, in ɗaure a bayan keke.

Na shimfiɗa zane a teburin cin abinci,
na rufe da leda, na kakkafa fil.
Haƙarƙarin fiffike ashirin da biyu,
kowanne da reza, da riƙe numfashi.
Na bakwai ya tsage.
Na sha ɗaya ya ɗanɗana jinin babban yatsana,
tabon yana nan a ciki, ƙarƙashin jar leda.

Daga kujerarsa ya miƙo hannu: "Kawo."
Ya ɗora sandar a tafi, ya lumshe ido.
"Wannan daga gindi ta fito, ta sha ruwa ta ƙoshi.
Jefar. Nemo ta kusa da reshe."
Ina da sikeli mai batir,
amma duk gardamar da suka yi, sikelin ne ya ji kunya.

Mako bakwai na jira ƙunshi daga gidan waya:
inji, farfela, eriya,
da kyamara da ba ta fi ƙwayar koko ba.
Na zaunar da ita a hanci.
Na ɗaga jirgin bisa yatsu biyu, jela ta rinjaya.
Na matsa batir gaba, ta ƙi.
Sai da ya zaro sulalla biyu daga aljihun riga
muka manna su da gam,
sannan ya tsaya cak, kamar mai sauraro.

Tashin farko, a filin ƙwallo,
bai kai ƙirga goma ba ya kifa hanci a taɓo.
Na kwaso shi kashi uku, ina haɗiye kuka.
Kakana ya yi dariya har da tari:
"Balsa ba ta riƙe fushi, yarinya.
Shafa mata gam, gobe ta manta."

Lahadi, bayan an taso daga coci,
na ɗaura masa tabarau a fuska,
na sauka tsakar gida da rimot, ina bin jirgin da idona.
Na ji kujera ta yi ƙara. Ya damƙe ta da hannu biyu.

"Hagu," ya ce. "Ƙara hagu.
Ga gonar Anibal, ashe ƙarama ce, maƙaryaci!
Balbelu, Yadira, balbelu a ƙarƙashina!"
Sai shiru.
Na san ya kai gangaren da ya dasa da hannunsa,
wanda aka sare, aka sake dasawa, aka sake sarewa.
"Sun yi layi da kyau," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

Na juyo da shi ta kan kogi.
"Wane ne wancan, mai rufin da ya ci tsatsa?
Ga wani tsoho a baranda, da baƙin abu a fuska..."
Na ɗaga kai. Hannunsa na sama,
yana yi wa tsohon sannu.

Batir ya fara kuka.
"Kar ki sauke ni tukuna."
Na ƙara masa zagaye ɗaya, wanda ba ni da shi.

Jirgin ya ja ciki a ciyawa, bayan igiyar shanya.
Na hau matakala tara da gudu in cire masa tabarau,
ya ture hannuna.
Kyamara na kwance a ƙasa, ba ta mutu ba,
wai wata tururuwa ce ke hawan kara
kuma yana so ya ga ko za ta kai.