Ɗakin Gwaji na Uku, Sheffield

Na tsamo ma'aunin daga ruwan ƙanƙara,
na tsunduma shi cikin tafasasshe.
Bai yi ƙarya ba. Nawa ya yi.

Layi a kan allo ya zabura
kamar ɗan akuyar da aka kwance wa igiya,
can sai ƙafa ta yi sanyi.
Daƙiƙa huɗu: sittin da uku cikin ɗari.
Wasu huɗun: ya gutsuri abin da ya rage,
ya bar saura.
Kullum sai ya bar saura.

“Kada ka rubuta tukuna,” in ji Misis Hollingworth,
tana ɗumama yatsu a jikin kofin shayi.
“Ƙirga huɗun nan sau biyar.
Rigar ƙarfen da ke kare shi,
ita ce ke hana shi jin wuta da wuri.”

Yayyafin Nuwamba na bin gilashin taga.
Watana goma sha ɗaya a garin nan.
Jiya a waya Goggo Dudu ta ce, ka saba?
Na ce e.

Na yi gaggawar karantawa.
Layin bai daina hawa ba,
yana ta matsowa kusa da gaskiya,
bai taɓa ta ba.