Tambaya ta Goma Sha Bakwai

A Dang, a ofishin Malam Njidda,
taswirar duniya ta cinye bango guda.
Ya kafa mata allurai, ya ɗaura zare:
ja na teku, shuɗi na dogo, baƙi na kwalta.
Ya ce, "Dudu, kada ki jawo mini giwa,
ɗauki ƙwaya ɗaya ki bi sawunta."
Na zaɓi boris,
wanda faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba,
na injin da ke ɗaga ruwan Logon
ya shayar da shinkafar Yagwa.

Wata injiniya ce ta zana shi a Jamus,
ba ta taɓa jin kukan sauron fadama ba.
A Sin aka narka ƙarfensa.
Kwana arba'in da ɗaya bisa ruwan gishiri,
sati uku a Duwala yana jiran hatimi,
dare guda da hantsi a jirgin ƙasa,
sai Ngaundere,
inda dogo ya ce, "Iyakata ke nan."

Nan na same shi, ko in ce na rasa shi.
Takarda ta ce ya iso,
mai gadin sito ya ce bai gani ba.
Na zauna kan buhun siminti
da tambayoyi talatin a cinyata,
an buga su tsaf, kowace da akwatinta.
Ta goma sha bakwai ta ce:
"In kaya ya makara, wa kake kira?
Kamfani, banki, ko masu inshora?"

Mahamat Nur, direban tirela,
ya yi dariya har goro ya shaƙe shi.
"Rubuta Gwaggo Fanta mai shayi."
Na ce babu akwatinta.
Ya ce, "To takardarki ce ta makara."

Gwaggo Fanta ba ta yi boko ba.
Lambobi ɗari biyu ne a tsohuwar wayarta,
ta san kowace da muryar mai ita.
Tana fifita gawayi ta kira uku,
na huɗu ya ce kwalin ya bi tayoyi Mundu,
kuskuren alli ne a gefensa.
Dawowarsa sai bayan kwana tara.

Shinkafa ba ta san kwana tara ba.
Ƙasa ta fara tsagewa kamar diddige.

A Garwa, bayan kasuwa, Usta Bello Kano
ya ɗora mataccen boris a tafin hannu,
ya juya shi kusa da kunne.
Yaronsa ya aika hoto Jamus,
can dare ya yi, matar tana goyon ciwo,
amma ta turo awo da alkalami a bayan ambulan.
Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa,
lamba ce ta yi musu tafinta.
Kafin asuba ya gyara na wucin gadi
daga cikin wata mota da ta mutu tun ina firamare.
Ya ce, "Zai kai kwana goma. Kada a matsa masa."
Ya kai goma sha biyu.

Na koma Dang da takardu masu tabon mai.
Malam ya karanta, ya cire tabarau,
ya daɗe yana duban bangonsa.
Ya ce, "A wane babi za mu sa mai shayi?
Masu duba aiki za su nemi madogara."
Ban amsa ba.
Na zare zare ɗaya daga bakin mayafina,
na ari allura biyu daga tsakiyar teku,
na kafa ɗaya a tasha, ɗaya a bayan kasuwa.

Gajere ne, bai kai ɗan yatsa ba.
In an kunna fanka, shi kaɗai ke motsi.